Hoton Alkakin da Ba Ke Kika Soya Ba

Badarawa, Kaduna.

Assalamu alaikum, Uwani.

Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a cikin mota kika buɗe ta, ko sai da kika sauka Dutse kina zazzage jaka ta faɗo. Allah Ya kai ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki yi shekarar nan ta bautar ƙasa. Ƙarƙashin robar yaji na cusa ta, don na san ko me za ki manta ba za ki manta da yaji ba.

Za ki yi mamakin ganin rubutuna. Ke ce 'yar fari, kuma kin san irin rainon da aka yi mini: ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in yi ta zuba. Shekara ashirin da uku muna magana da ido da gyaran murya. To yau na ajiye kunyar a gefe, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jiya bayan la'asar, da Goggonki Talatu ta zo yi miki sallama, kin miƙa mata waya kina nuna mata sabon shafin da kika buɗe don sayar da alkaki a can. Ni ina tsugune ina ɗaura miki kuka da daddawa, amma idona yana kan wayar. Na ga sunan da kika sa, Alkakin Maman Uwani, reshen Dutse, na ji daɗi har cikin raina. Sai kuma na ga hoton da ke gaba. Uwani, ba ke kika soya wannan alkakin ba, ba ke kika ɗauki hoton ba. Daga shafin wani kanti na Abuja kika kwafo shi, irin masu rubuta komai da Turanci, kika yanke tambarinsu kika ɗora sunana. Goggonki ta ɗaga wayar sama ta ce, "To, yanzu na ga hoto. Ba irin na uwarki ba, kullum daga tabarma sai bangon siminti." Kika yi dariya. Na ci gaba da ɗaurin ƙullina, amma har yanzu ban manta da dariyar nan ba.

Ga maganata tun daga farko, kada ki ce na yi miki kwana-kwana. Shekara goma sha ɗaya na yi a bakin kasko ina gina sunan nan. Na ba ki shi da zuciya ɗaya, amma ba za ki rataya shi a kan hoton da ba aikin hannunki ba. Ko ki sauke hoton, ko ki sauke sunan. Kafin ki zaɓa, ki saurari irin wautar da ni na tafka, don kada ki ɗauka waliyyiya ce take yi miki wa'azi.

Lokacin da Babanki ya kawo mini wayar farko mai kyamara, 'yar ta hannu da ya saya kusa da tashar Kawo, na ɗauka hoto abu ne da ake yi in an gama aiki. Sai na gama suya, bayana ya riƙe, idona ya yi ja don hayaƙi, sannan in jawo bokiti a cikin kicin in haska masa filasha in danna. Kicin ɗinmu kuwa kin san shi, da tsakar rana ma sai an lalubi cokali. Hannuna duk mai, gilashin kyamarar duk mai. Alkakin da na yi kwana biyu ina tattalinsa sai ya fito baƙi ƙirin yana ƙyalli a gefe ɗaya. Wata uku ina sawa a shafi, babu wanda ya taya, sai wata ƙawata ta Kawo da ta rubuto tana tambaya ko maganin basir na fara haɗawa, wai mijinta yana fama. Da gaske take yi, ba zolaya ba, shi ne ma abin da ya fi ba ni haushi.

Ba wani ne ya koya mini ba. Wata safiya na fito da tire na ajiye a bakin ƙofar kicin don ya sha iska, rana ba ta riga ta tsallako katangar maƙwabta ba. Na juyo ke nan na ga alkakin kamar ban taɓa ganinsa ba, kowane murɗi ya fito, ruwan sukari yana sheƙi a hankali. Na goge wayar da bakin zanina na ɗauka. A ranar mutum biyu suka kira.

Don haka in kin isa, kafin ki nemi kasuwar alkama, ki nemi haskenki. Ki yi kwana uku kina lura da ɗakin da tsakar gidan: ina haske yake faɗawa da safe, ƙarfe nawa rana take yin zafi har ta fara ƙona launin abu. Wurin da yake da haske amma ba rana a kansa kai tsaye, nan ne shagonki. Ki kashe filasha, ba ta da amfani sai ga mai neman allura. Ki tsaya yadda hasken zai zo daga gefe, kada ki tare shi da inuwarki. Kuma ki sani hoto aiki ne mai zaman kansa, tun kafin a kunna wuta ake shirya masa. Waya ta cika da caji, faifai a wanke ya bushe, kin san abin da za ki ɗauka da yadda za ki ɗauke shi: ɗaya daga sama, ɗaya daga gefe, ɗaya na kusa. Alkaki yana da ɗan lokacinsa, bayan ya tsane daga ruwan sukari kafin ya bushe, kuma ba ya jiran mai neman caja. Za a ce miki sai kin sayi fitilar nan mai zobe da 'yan gayu suke amfani da ita. Ni ban taɓa mallakarta ba, kuma ban ga abin da na rasa ba, don hasken safiya ba a ɗauke shi.

Da na gane haske, sai kuma na zarme. Wata maƙwabciya ta nuna mini yadda ake ƙara wa hoto launi a waya, ni kuwa na samu abin wasa. Alkakina ruwan ƙasa-ƙasa ne, irin na alkamar da ta yi tsami yadda ya kamata, amma na mai da shi ruwan zinare. Na kuma koyi kai waya dab da dubulan har ya cika fuskar wayar, wanda bai sani ba sai ya ce guda ɗaya zai ƙosar da mutum biyu. Oda ta fara shigowa, kaina ya fara kumbura. Sai ranar da wata Hajiya ta zo daga Unguwar Dosa karɓar kayan sunan jikarta. Ta buɗe bokiti a tsakar gida, gaban matan gidan hayar nan duka, ta fito da wayarta ta kara kusa da shi, ta dubi wannan ta dubi wancan. Ko murya ba ta ɗaga ba. Cewa ta yi, "Maman Uwani, wannan na gan shi. Na cikin hoton nake jira a fito mini da shi." Na roƙe ta ta ɗanɗana tukuna. Ta ɗanɗana, ta ce daɗi kam akwai shi, amma ita ba ta ciniki da wanda idonta ya riga ya kama da ƙarya. Ta bar bokitin ta tafi. Kwana huɗu kuna cin dubulan da shayi ke da ƙannenki, kuna murna, ba ku san da kunya aka jiƙa shi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kayana ba su da wani aibu. Ni da hannuna na ƙirƙiro na ƙarya, ya zo ya kayar da na gaskiya a tsakar gidana. Saboda haka kada ki taɓa launi. Ki ajiye ƙaramin cokali ko hannunki kusa da kayan, mai kallo ya san girmansu. Ki karya guda ɗaya a ga cikinsa, don duk macen da ta san alkaki cikinsa take dubawa, ta ga ko ya dahu ko ya sha sukari har tsakiya. In robar ƙarama ce, ta fito a ƙarama. Gara mai saye ya buɗe ya ce ai ya fi hoton kyau, wannan kalma ita take dawo da shi. Yanzu ki auna da kanki. Ni kayana na yi wa kwalliya aka kama ni. Ke da kika ɗauko na wani wuri ɗungurungum, me za ki ce ranar da aka buɗe bokitinki a Dutse aka kara waya kusa da shi?

Maganar tabarma da bangon siminti kuwa, bari in ba ki tarihinta, tunda ta ba ki dariya. Goggonki ba jiya ta fara ba. Tun farkon shafin take cewa hotunana suna zubar wa dangi mutunci, wai duk wanda ya gani ya san a gidan haya ƙaninta yake. Ta yi ta faɗa har na yarda. Na riƙa ɗaukar kaya a keke napep in kai falonta a Malali, in jera a kan teburin gilashi, cikin farantanta masu bakin zinare, labule yana zuba a baya. Hotuna suka yi kyau, ban musa ba. Amma sai waya ta yi shiru. Matan Badarawa da Kawo da Rigasa, waɗanda su ne suka ɗaga ni, suka daina tambaya, don sun ɗauka Maman Uwani ta zama ta manya, kayanta sun fi ƙarfinsu. Manyan kuma da suka zo, sai su tsaya a bakin lungunmu su ga kwata, su kira ni su ce kamar sun ɓata hanya. Wata ko fitowa daga mota ba ta yi ba. Na rasa na gida, ban samu na dawa ba, ga shi duk inda Goggonki ta zauna sai ta faɗa cewa da falonta nake cin abinci. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ranar da na dawo kan tabarmata na sa hannuna a cikin hoton, da tabon mai da komai, ina murɗa alkaki. Goggonki ta kira Babanki ta ce matarsa ta fara tallar jikinta a waya. Da ya dawo daga wata tafiya da ya yi Katsina ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi bai ga jiki ba, hannun da yake ciyar da 'ya'yansa ya gani, kuma in an sake ɗauka a gyara tabarmar ta karkace. Daga nan ban ƙara neman izinin kowa ba. Ba na jin kunyar Badarawa, Uwani. A lungun nan aka soya abin da ya kai ki jami'a. Ki share wurinki tas, ki kawar da bokitin wanki da silifas daga baya, ki shimfiɗa abu mai tsabta marar hayaniyar zane. Tsabta wajibi ce, amma kada ki ari ɗakin da ba naki ba don ki burge wanda ba zai saya ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai maganar lokaci, wadda ita ma sai da na sha kunya na koya. Wata shekara cikin azumi, wajen ƙarfe biyu na rana, zafi ya kai zafi, na sa hoton alkaki yana ɗigar zuma. Wani dattijo abokin Babanki ya rubuta a ƙasa cewa in ji tsoron Allah, akwai masu raunin imani a shafin nan. Mutane suka yi ta dariya, amma babu wanda ya saya. A shekarar dai na tuna da hoton cincin na Sallah ana jajibiri, bayan kowa ya riga ya ba wata odarsa. Tun daga nan nake tafiya da wata a kaina. Hoton Sallah kafin azumi ake ɗaukarsa, lokacin da akwai ƙarfi da natsuwa, a fara sawa daga goman tsakiya, kuma bayan an sha ruwa. Watan Sha'aban na biki ne, kowa yana son ya kai 'yarsa ɗaki kafin azumi, don haka hoton kayan gara tun Rajab ya kamata ya fito. Ni ranar Talata nake ware wa hoto. In soya kaɗan daga kowane iri, in ɗauki abin da zai ishe ni mako, kullum in sa guda. Da damina kuma, in kika ga safiya ta yi garau, ki ɗauki na mako biyu, don ba ki san abin da gobe za ta zo da shi ba. Ke da za ki riƙa fita wurin aiki, in ba ki ware rana ba za ki koma irin hotunana na kicin.

Duk waɗannan kaina na cuta. Wadda zan faɗa miki yanzu wata na cuta, kuma ban taɓa ba kowa labarin ba sai Babanki.

Wata mata ta zo mini daga Rigasa. Mijinta ya rasu, koko da ƙosai take sayarwa a bakin layinsu, 'yarta za ta yi aure tana son kayan gara. Kin san yadda gara take a wurinmu. Dangin amarya ne suke kai ta gidan ango, mutuncin uwa a cikinta yake, kuma ba mai sanin yawanta sai ranar da aka sauke ta gaban dangin miji. Ƙarfin matar nan bokiti uku ne ƙanana, na alkaki da na dubulan da na cincin. Na zage na yi mata aikin da ban taɓa yi wa mai kuɗi ba, don ta shiga raina. Da na gama, kayan suka yi kyau har na kasa haƙuri. Na jera bokitan uku na ɗauka, na sa a shafi, na rubuta sunan amarya da unguwarsu, har da addu'ar Allah Ya ba da zaman lafiya. A zatona karrama su na yi. Na manta cewa makon da ya wuce na sa garar wani gidan masu hali, manyan bokitai goma sha biyu har da nakiya. Hotunan nan biyu suka zauna a shafin ɗaya bisa ɗaya.

Ashe ƙanwar ango tana bin shafina. Kafin garar ta bar Badarawa dangin miji sun gani, sun ƙirga, sun tura wa juna. Ranar da masu kai gara suka isa, wata gwaggon ango ta ce kada su wahalar da kansu wajen buɗewa, ai an riga an gani a waya, uku ne. Aka kwashe da dariya, amarya tana cikin ɗaki tana ji.

Bayan kwana biyu uwar ta zo da hantsi. Na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama, na kawo ruwa ta ƙi karɓa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ni na san talaka ce, Maman Uwani. Amma talaucina a ɗakina yake a rufe. Ke kika kai shi kasuwa." Na goge hoton a gabanta, ta ce in bar shi ma, ai ya gama aikinsa. Sau uku ina zuwa Rigasa ba ta haƙuri. A na ukun ta ce ta yafe, kuma na yarda ta yafe, amma ba ta sake taka gidan nan ba. In muka haɗu a wurin biki takan gaishe ni da kyau ta tambayi yara, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Har gobe in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

To ki ji da kyau. Kayan da aka ba ki oda amana ce, ba kayan talla ba. Kada ki taɓa ɗaukar oda dukanta. Ki ɗebi kaɗan a faranti ɗaya ki ɗauka, ba suna, ba unguwa, ba ranar biki. Ni tun daga ranar faranti guda nake amfani da shi, ko garar gidan wa ce, yadda ba mai iya gane wa ya yi da yawa wa ya yi kaɗan. Wasu masu hali sun nemi in jera tasu duka in sa, don a san sun yi. Na ƙi. Biyu daga cikinsu sun yi fushi sun koma wurin wata, na ce Allah Ya raka taki gona. Shafina ba filin gasa ba ne, kuma ba zan sake zama sanadin da za a yi wa 'yar marainiya dariya a gidan mijinta ba. In za ki ɗauki hannun wata, ko ɗakinta, ko ɗanta yana cin cincin, ki tambaya da baki, ta amsa da baki.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma na shiru ne. Shekara bakwai da suka wuce wata mai saye ta turo mini hoto daga shafin wani babban kanti, tana tambaya ko zan iya yin irin wannan. Na duba, na sake dubawa. Hotona ne. Sun ɗauke shi daga shafina, sun yanke gefe da gefe, sun manna tambarinsu. Babanki ya ce in yi musu magana. Na ce wace ni, matar Badarawa da ko Turancin kirki ba ta da shi, in ja da masu kanti mai gilashi? Na ce na bar su da Allah. Na sa wa abin suna haƙuri, amma tsoro ne, kuma kunyar marar kunya asara ce. Shekara bakwai suna cin kasuwa da gumina. Don haka ki rubuta sunanki a ɗan kati ki kafa shi a tsakiyar kayan kafin ki ɗauka, ba a gefe ba inda za a yanke. Ki adana asalin kowane hoto. In aka ɗauki naki, ki buɗe baki a ranar, kada ki kwana da shi.

Yanzu ki ajiye takardar nan a cinyarki ki ɗauko wayarki. Ki buɗe hoton da kika sa a shafin, ki ja shi da yatsu biyu ya girma. Ki dubi murɗin alkakin. Na kowa dama yake bi, wannan hagu ya bi, don ni bahaguwa ce. Kakarki ta dake ni har na koyi ci da dama, amma murɗin alkaki ya ƙi juyawa. Sannan ki dubi farin ƙyallen da ke ƙarƙashin faifan, can kusurwar ƙasa, za ki ga ɗan ɗigon shuɗi. Tawadar biro ce. Hijabinki ne na aji huɗu na sakandare, wanda biro ya fashe miki a jiki kika dawo gida kina kuka. Na wanke ya ƙi fita, na ɗinka miki wani, na mai da wannan shimfiɗar hoto. Asalinsa yana nan a shafina can ƙasa, da bangon siminti a bayansa kafin su yanke.

Alkakin uwarki kika je Abuja kika sato, Uwani. Ba satar ce ta fi yi mini ciwo ba. Shekara ashirin da uku kina cinsa, kin ga ana murɗa shi a gabanki ba adadi, kin wuce hoton a shafina kin ga bai isa ba. Sai da baƙi suka ɗora masa tambari suka yi masa rubutu da Turanci sannan ya yi miki kyau. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Amma kin yi mini rana ba ki sani ba. Yau da safe, bayan na gama ɗaure miki kaya, na shiga shafin mutanen nan. Na sa asalin hoton a ƙarƙashin nasu, na rubuta cewa ni na soya, ni na ɗauka, a Badarawa, su sauke shi. Da Hausa na rubuta. In ba su iya karantawa ba, su nemi mai fassara.

Ke ma haka nake ce miki. Hoton nawa ne, amma ban ba ki ba, don mutanen Dutse ba hannuna za su ci ba, naki za su ci. Ki sauke shi kafin ki gama kwance kaya. Shafin ya zauna ba hoto har ranar da za ki jiƙa alkamarki ki kunna wutarki. Na farko ba zai yi kyau ba, nawa ma bai yi ba. Ki ɗauke shi a yadda yake ki sa. Ko ya karkace, ko gefe ɗaya ya so ƙonewa, in dai na ga murɗin ya bi dama zan san naki ne, kuma ni zan fara tura shi ga duk wanda yake cikin wayata. In kuwa kika bar wancan, to ki cire sunana, kuma ba da wasa nake ba.

Allah Ya sa albarka a hannunki da abin da zai fito daga cikinsa. Ya tsare ki a ɗakinki da wurin aikinki da hanyar da ke tsakaninsu, Ya kare ki daga mugun ji da mugun gani, Ya rufa miki asiri, Ya sa ki zama mai rufa na wasu. Allah Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Mahaifiyarki,
Maman Uwani.